Yadda yunwar yaƙi ta tona asirin alkama: tarihin cutar siliyak

Akwai yaron da zai ci ya ƙoshi amma kullum ramewa yake. Cikinsa a kumbure, ƙafafu kamar sillen kara, ga gudawa mai maiƙo da ɗoyi wadda ba ta jin magani. Likitocin Turai sun daɗe suna ganin irin waɗannan yara, da yawansu kuma mutuwa suke yi. An ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin a gane cewa abin da ke cutar da su yana cikin burodin da ake ba su don su yi ƙiba.

Wanda ya fara siffanta ciwon a rubuce shi ne Aretaeus, wani likitan Girka da ya rayu kusan shekara dubu biyu da suka wuce. Ya yi bayanin mutanen da abinci ke wuce cikinsu ba tare da jiki ya amfana ba, ya kira su da kalmar Girkanci mai nufin "masu ciwon ciki". Daga wannan kalma aka samo sunan siliyak da ake amfani da shi yau.

A 1888 wani likitan yara a Landan, Samuel Gee, ya wallafa bayanin cutar dalla-dalla, ya kuma yi hasashen cewa idan za a warkar da ita to ta hanyar abinci ne. Har ya ba da labarin wani yaro da ya murmure lokacin da ake ba shi wasu halittun ruwa masu ɓawo kullum, da kakarsu ta wuce sai ciwon ya dawo. Gee ya kusa, amma bai kai ba, domin cikin abincin da ya yarda a ba marasa lafiyarsa har da gasasshen burodi.

Daga nan sai zamanin ayaba. A 1924 Sidney Haas, likita a birnin New York, ya sanar cewa ya yi nasarar jinyar yara ta hanyar ɗura musu ayaba da yawa tare da hana su burodi, dankali da sauran abinci masu sitaci. Yaran kuwa sun samu sauƙi, kuma tsarin ya ceci rayuka. Sai dai Haas ya ɗauka akwai wani sirri a cikin ayabar. Ashe abin da ya taimaka shi ne alkamar da aka cire ba da niyya ba. Kun ga illar wannan kuskure: tunda an ɗauka ayaba ta warkar da su, da yaran sun girma sai a mayar da su kan burodi, ciwon ya ci gaba da cin hanjinsu a ɓoye.

Wanda ya warware ƙullin shi ne Willem Dicke, likitan yara ɗan ƙasar Holan, shugaban asibitin yara na Juliana da ke birnin Hague. Tun a shekarun 1930 yake zargin alkama, saboda abin da yake ji daga bakin iyaye mata game da abincin da ke tayar wa 'ya'yansu ciwo, har ya yi rubutu a kai a 1941. To sai ga yaƙin duniya na biyu. A hunturun 1944 zuwa 1945 sojojin Jamus suka toshe hanyar kai abinci yammacin Holan. Mutane kusan 20,000 suka mutu, wasu har saiwar furanni suka riƙa ci. A cikin wannan bala'i Dicke ya lura da wani abin mamaki: yaran da ke da siliyak sun fara samun sauƙi daidai lokacin da burodi ya ɓace, da aka kawo agajin fulawa kuma sai ciwonsu ya dawo.

Lura kawai ba ta isa hujja ba, kuma Dicke ya san haka. Bayan yaƙi sai ya haɗa kai da abokan aikinsa biyu, Weijers da van de Kamer, a birnin Utrecht. Suka riƙa auna yawan maiƙon da ke fita a bayan gidan yaran, domin hanjin da ya lalace ba ya iya tsotse mai. A ba yaro fulawar alkama, maiƙo ya ƙaru. A cire, ya ragu. A ba shi sitacin alkama zalla, babu abin da ke faruwa. Wato matsalar ba sitaci ba ce kamar yadda aka daɗe ana zato. Dicke ya gabatar da wannan a kundin digirinsa na 1950. A 1952 kuma Charlotte Anderson da abokan aikinta a Birmingham ta Ingila suka tabbatar cewa mai laifin shi ne gulutin, furotin ɗin nan da ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo yana miƙewa. Ana samunsa a alkama, sha'ir da wani hatsin Turai da ake kira rai.

To me gulutin yake yi a ciki? A 1954 John Paulley a Ingila ya duba hanjin marasa lafiya da aka yi wa tiyata. Bangon ƙaramin hanji mai lafiya cike yake da 'yan tsirarrun yatsu, kamar gashin tawul, su ne ke tsotse abinci. A masu siliyak sai ya tarar sun shafe. Daga baya aka gane cewa garkuwar jikin mutum ce da kanta ke kai wa hanjin hari duk lokacin da gulutin ya shigo. A 1997 masu bincike a Jamus suka gano sinadarin jiki da garkuwar ke far wa, kuma wannan ne ya ba da gwajin jinin da ake yi yanzu.

Gwajin jini ya rushe wasu tsofaffin zato guda biyu. Na farko, cewa ciwon yara ne: ashe yana iya bayyana a kowane shekaru, wani lokaci ma ba gudawa, sai ƙarancin jini da ya ƙi jin magani, yawan gajiya, raunin ƙashi ko rashin girma. Na biyu, cewa ciwon Turawa ne. A duniya kusan mutum ɗaya cikin ɗari ke da shi, amma a 1999 wani bincike kan yaran Saharawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya ya samu kashi 5.6 cikin ɗari, ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa gani. Fulawar alkama ta agaji ce ta zama babban abincinsu a sansanonin.

Mu a nan abin ya shafe mu ta wata fuska. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, doya da wake duk babu gulutin a cikinsu. Wanda aka tabbatar yana da siliyak zai ci tuwon da ba na alkama ba, fura, koko, ƙosai da alala hankali kwance. Abin da zai bari su ne burodi, taliya, gurasa, funkaso, alkaki, fanke da biskit. Sai ya riƙa tambaya kuma, don wasu na zuba fulawa a ɗanwake ko waina, kuma injin niƙan da aka niƙa alkama na iya gurɓata garin masara. Ko kaɗan ne yana illa, kuma ƙauracewar ta har abada ce.

Abu na ƙarshe, kada labarin ayaba ya maimaita kansa a gidanka. Ba duk wanda burodi ke kumbura wa ciki ne ke da siliyak ba. Akwai masu borin jini ga alkama, akwai kuma waɗanda gulutin ke damu ba tare da hanjinsu ya lalace ba. Idan kana zargi, je ka ga likita tun kana cin alkamar. In ka daina kafin a gwada ka, jini da hanji za su iya nuna lafiya lau alhali ciwon yana nan.