Kaset ɗin da Ya Sha Hannu

Duk wanda ya taɓa zaman shagon hayar kaset ya san ba sai an tambayi kowa wane fim ne ya karɓu ba. Kaset ɗin da kansa yake faɗa. Wanda ya sha hannu za ka ga kwalinsa ya yage an liƙe da salatif, zarensa ya tsinke an haɗa, hoton yana rawa daidai wurin waƙar da kowa yake mayarwa baya. Da wannan ma'auni na yi shekaru ina auna fim a shagona na Kazaure, kuma har yau ban ga wanda ya fi shi gaskiya ba.

Kallo ya riga mu zuwa garin. Iyayenmu majigi suka sani: mota ta zo, a kafa farin ƙyalle a fili bayan isha'i, a haska musu Baban Larai don su koyi noman auduga. Silima kuwa sai Kano, wadda a ƙarƙashinta muke har 1991 da aka ƙirƙiro Jigawa. Saurayi zai tara kuɗin mota, ya bi ta Dambatta, ya shiga Plaza ko Orion ko Marhaba, ya dawo ya yi mako yana ba mu labari a dandali, har da kwaikwayon duka. A ɓoye ake wannan tafiya. Dattawa ba su manta da gobarar silimar El Duniya ta 1951 ba, wadda ta ci mutum 331, kuma a wurinsu ɗan mutunci ba ya shiga silima, balle mace.

Indiya ce ta fara kama zukatanmu, tun da Kwarori masu gidajen silima suka fara shigo da finafinanta. Ba ma jin yaren, amma muna gane uwar da ta sha wuya a kan 'ya'yanta, da budurwar da aka yi wa auren dole, da kunyar da ke hana masoya taɓa juna. Shi ya sa Mother India na 1957 bai taɓa tsufa a shagona ba. Tsofaffin mata kan aiko a karɓo musu shi don su ga Nargis kawai. Jaruman ma mun raɗa musu suna irin namu. Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ɗan daba mai lasin, Rishi Kapoor kuwa Mace ake ce masa. Sholay na 1975 sai da na canja kaset ɗinsa ya fi a ƙirga, kuma ba don Amitabh Bachchan kaɗai ba: Amjad Khan ya nuna cewa mugu ma yana iya riƙe fim.

Amma in aka ce in faɗi gwanayen da ban ga kamarsu ba, talabijin zan koma. Kasimu Yero, Allah ya jiƙansa, ko bai yi magana ba fuskarsa ta isa. Wanda ya gan shi a Karambana ya san haka. Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, tsohon soja ne, shi ya sa Hausar barikinsa take fita kamar ba wasa yake ba. Waɗannan mutane a dandamali da rediyo suka goge kafin kyamara ta same su. Sun san inda ake ajiye karin magana da inda ake yin shiru. Haka Umaru Ladan a Shehu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wannan fim ya kamata a ce kowane ɗan makaranta a ƙasar Hausa ya gan shi.

Sai 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, da Ibrahim Mandawari a ciki, sana'armu ta sake kama. Nakan yi sammako zuwa Bata a Kano in saro sababbi, in dawo kafin la'asar in tarar da yara sun yi layi. Yaran nan 'yan aike ne. Masu kallon na gaskiya matan aure ne da ke cikin kulle, waɗanda ƙofar silima ta haramta gare su, bidiyo ya kai musu fim har tsakar ɗaki. Su suka raya wannan sana'a da kuɗin dashi da na ƙosai, su ne kuma alƙalanta. In fim bai yi ba, yaron zai dawo da shi kafin magariba ya ce, “Wai in ji Inna a canja mata.” In ya yi, sai ya kwana uku yana zagaya maƙwabta ta kan katanga, ni kuma in haƙura da kuɗin kwana ɗaya.

Da Sallah mukan ɗora talabijin da bidiyo da janareto a mota mu shiga ƙauyukan Roni da Gwiwa, mu kewaye fili da zana, a biya a ƙofa. A can na gane darajar Rabilu Musa Ibro. Mutumin birni yana iya cewa shirme ne, amma manomi yana ganin kansa a cikin wannan baƙauyen da ake raina wa wayo ya kuma fi kowa wayo. Ta Babura kuma kaset yake tsallakawa Nijar, don Hausar fim ba ta san iyaka ba.

Kaset ɗin da ya fi kowane shan hannu a wurina shi ne Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda ya fito a 1999. Labarin ba wani mai sarƙaƙiya ba ne: ɗan sarki da 'yar aikin gidansu, Ali Nuhu da Fati Muhammad. Amma Fati ta iya sunkuyar da kai irin na 'yar talaka a gidan sarauta, kuma kiɗan fiyanon ya shiga kowane gidan biki. Wasila ya biyo baya a 2000, ya ta da gardama a majalisu saboda ya taɓo cin amanar aure. A wannan tsakani ne mujallar Tauraruwa ta raɗa wa harkar suna Kannywood, mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta fara fitowa, aka kuma kafa hukumar tace finafinai ta Kano a 2001. Ni dai ina ganin bayan Sangaya rawa da waƙa sun yi yawa har suka danne labari, kowa yana neman waƙar da za ta sayar masa da kaset.

Hanya ta cinye mana da yawa daga cikin 'yan wannan zamani. Balaraba Muhammad a 2003, tana amarya. Ahmed S. Nuhu ranar 1 ga Janairun 2007. Hauwa Ali Dodo, Biba Problem, wadda ta iya masifar kishiya har mata suna tsine mata suna kuma neman fim ɗinta, a 2010. Duk lokacin da aka yi irin wannan rashi, washegari ba ka samun kaset ɗin mamacin ko ɗaya a kan kanta. Allah ya gafarta musu.

Faifan CD ya kori kaset, masu tura fim a waya suka kori faifan, na rufe shago. Abin da yake damuna shi ne yawancin finafinan farko ba su da wani ma'aji sai irin kwalayen da ke ɗakina, ga zafi ga ƙura suna cin zaren. Kwanakin baya wata jikata ta ji ana zancen fim ɗin Gimbiya Fatima, ta ce, “Kaka, kana da shi?” Na buɗe kwali na zaro mata. Ta juya shi gaba da baya tana neman inda ake kunnawa. Tun ranar nake cigiyar mai gyaran bidiyo, daga nan Kazaure har Kano.