Da Me Ake Auna Nasarar Wasa?

Ran nan gardama ta tashi a ajinmu na yaƙi da jahilci a nan Bazaga. Wani dattijo ya ce ɗansa ya ɓatar da dala ɗari ranar kasuwar Ƙonni don a sa masa wasa a cikin salula. Da ya yi masa faɗa, sai yaron ya ce: "Baba, ai mutane miliyoyi sun ɗauki wannan wasa, dole yana da kyau." Dattijon ya juyo gare ni ya ce: "Malam, yawan masu saye shi ne shaidar kyau?" Na ce mu tambayi tarihi.

Mu fara daga gida, da kokowa. Tun kaka da kakanni samari suna yin ta bayan girbi. A shekarar 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa. Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, ɗan Maraɗi, shi ya ci. A fili ba a jayayya: wanda aka kayar ya faɗi, kowa ya gani da idonsa. Ana kuma ƙidaya takubba. A 2023, a Agadas, Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobi karo na shida.

To, amma ku je dandali ku tambaya wane ne gwanin gwanaye. Yaro zai kawo ƙidaya. Tsoho zai ce shi bai ga kamar Kantu ba. Mutumin Damagaram zai ce Langa-Langa. Ga shi filin kokowa na Maraɗi sunan Kantu ya ci, na Damagaram kuma sunan Langa-Langa. Ashe awo biyu ne: akwai na alƙali, akwai na zuciya.

Haka abin yake ga wasannin da ake yi a talabijin da salula. A 1982 wani kamfanin Amurka mai suna Atari ya so ya fitar da wasa kafin bikin Kirsimeti. Sunan wasan E.T., an ɗauko shi daga wani fim da ya yi farin jini. Aka ba mutum ɗaya kamar mako biyar ya haɗa shi. Saboda sunan fim ɗin, iyaye suka yi ta saya wa ƴaƴansu, har aka sayar da fiye da miliyan ɗaya. Idan ƙidaya kaɗai za a bi, wasan ya ci nasara.

Da yara suka fara wasan, sai murna ta koma ciki. Ɗan mutumin da ke cikin wasan yana ta faɗawa rami, fita kuwa da wuya. Mutane da yawa suka mayar da shi shago. Kaya suka yi kwantai. A 1983 kamfanin ya kwashe kayan da suka ƙi sayuwa, har da wannan wasa, ya binne su a juji a garin Alamogordo. Sai a 2014 aka tono wurin, aka same su. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ga wani labari kuma, wanda ya iso har ƙauyukanmu. A 1997 kamfanin Nokia na ƙasar Finlan ya sa wasan maciji a cikin salularsa. Wani ma'aikacinsa, Taneli Armanto, shi ya haɗa shi. Ba a sayar da wasan dabam ba, tare da salula yake zuwa. Saboda haka ba wanda zai ƙidaya kuɗin da shi kansa ya kawo. Amma da yawanmu mun ga makiyayi ko mai jiran mota a tasha yana bin macijin nan har caji ya ƙare, gobe kuma ya koma. Darar da muke yi a ƙasa da ƴan itace ma haka take. Ba a taɓa sayar da ita ba, ga ta nan har yau.

Me muka koya? Ƙidaya gaskiya take faɗa, amma abin da aka tambaye ta kaɗai take amsawa. Tana faɗin mutum nawa suka saya. Ba ta faɗin mutum nawa suka yi da-na-sani. Tiya tana auna hatsi, harshe ne ke sanin daɗin fura. Ra'ayin mutum ɗaya shi ma bai isa ba, don abin da ya burge Audu ba lallai ya burge Tanko ba. Shaida mafi ƙarfi ita ce a ga mutane suna komawa ga wasa shekara da shekaru, ba wanda ya tilasta musu.

Na ce wa dattijon nan kada ya tsaya ga faɗa. Ya bari a yi wata guda, sa'an nan ya tambayi yaron abu uku. Har yanzu kana yin wasan? Nawa ya ci maka? Ya hana ka karatu ko gona? Amsar nan ita ce za ta nuna ko dala ɗarin ta tafi a banza.

Ku ma, ƴan uwa masu karatu, ku tattauna wannan a ajinku.