Yadda Tsayawa a Wurin Hatsari Ya Zama Abin Tsoro

A zamanin fatauci, lokacin da ayari ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, tafiya kan ɗauki watanni, kuma babu asibiti babu 'yan sanda a tsakanin zango da zango. Wanda ciwo ya kayar ko jakinsa ya karye, 'yan ayarinsa ne gatansa, madugu kuwa ba ya son a ce ya bar mutum a daji. Malamai sun ƙarfafa wannan da hukunci, domin ceton rai farilla ce ta kifaya: in wasu sun yi ta faɗi a kan saura, in kowa ya wuce kowa ya ɗau alhaki. Da mota ta karɓi aikin jaki, direbobi suka gaji ɗabi'ar. Su ne ke karyo ganye su jera a kan kwalta don mai zuwa ya rage gudu, su ne kuma ke sauke fasinja su kwashi wanda ya ji rauni.

Yau da yawa sukan rage gudu, su leƙa, su yi salati, su taka mota. Ana cewa zukata ne suka bushe. A ganina hukuma ce ta koya wa mutane tsoro, kuma ana iya bin sawun abin. Bayan yaƙin basasa makamai sun bazu, fashi ya yi yawa, gwamnatin Gowon ta kafa dokar fashi da makami a 1970. A 1984 mulkin soja ya sabunta ta, aka wajabta wa duk asibitin da ya karɓi mai raunin harsashi ya sanar da 'yan sanda nan take. Dokar ba ta ce a ƙi yi wa kowa magani ba, ba ta kuma ambaci hatsarin mota ba. Amma ma'aikatan asibiti, don gudun shiga uku, suka juya ta: sai an kawo takardar 'yan sanda kafin a taɓa majinyaci, ko harsashi ne ko ƙarfen mota. Wanda ya kawo shi kuma a tsare shi da tambayoyi, a nemi kuɗin kati da na jini a hannunsa, in rai ya yi halinsa ya kwana a caji ofis yana bayanin gawar da bai san sunanta ba. Labari ɗaya irin wannan ya isa ya zagaye tasha guda cikin yini.

Za a ce ai fashi ne ya hana tsayawa, tunda ɓarayi kan tare hanya da mota kamar ta lalace, balle da masu garkuwa suka addabi hanyar Abuja zuwa Kaduna. Wannan gaskiya ne da dare a dajin da babu kowa, kuma ba wanda zai zargi mai iyali da ya wuce ya kira agaji daga gaba. Sai dai hatsari da yawa da rana tsaka yake faruwa, a bakin gari, jama'a cike. A nan ba ɗan fashi ake tsoro ba, ɗaukar mai rauni a motarka ake tsoro. Masu cewa zukata sun bushe kuma za su kawo Majiya ta jihar Jigawa, inda a Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi, mutane suka taru kwasar fetur, wuta ta ci fiye da 150. Talauci da ganganci ne suka yi wannan aika-aika, kuma mutanen yankin ne dai suka yi ta jigilar waɗanda suka ƙone.

Gyaran ya zo a hankali. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa a 1988 zamanin Babangida, Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma kwashe waɗanda suka ji rauni na cikin aikinta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Dokar 2017 kan masu raunin harsashi ta soke sharaɗin takardar 'yan sanda, har ta ce a mutunta wanda ya kawo majinyaci, kada a wahalar da shi da tambayoyi. Abin mamaki, wannan kariya a fili an rubuta ta ne don mai ceton wanda aka harba, alhali hanya ta fi ba asibitocinmu aiki kullum.

Tsoron da aka shekara talatin ana shukawa ba ya fita don an sa hannu a takarda a Abuja. Sai direban tasha ya ga an hukunta asibitin da ya mayar da mai rauni, ya ga abokinsa ya kai mutum ya dawo gida a ranar. Kafin nan, mai karatu, in ka iske hatsari, ka faka nesa da wurin, ka sa alama a hanya, ka kira Hukumar Kiyaye Haɗura a 122, kada kuma ka fizgo wanda ake zaton ya karye a wuya ko baya sai in wuta ce ke tafe.