Lambar rukunin ɗan kasuwa: yadda take shafar masu ciniki daga nesa a Wurno, Raba da Goronyo

Duk lokacin da aka biya kuɗi da katin banki, a na'urar POS ko a intanet, akwai wata lamba mai alƙaluma huɗu da ke tafiya tare da saƙon cinikin zuwa bankin mai katin. Ana kiranta lambar rukunin ɗan kasuwa, ma'aikatan banki kuma suna taƙaita sunanta da MCC. Aikinta shi ne ta bayyana irin sana'ar wanda ya karɓi kuɗin. Mai saye ba ya ganinta, mai sayarwa ma sau da yawa bai san tasa ba, amma tana cikin abubuwan da ake dubawa kafin a amince da ciniki ko a ƙi shi. Tasirinta ya fi bayyana a kan masu sayar da kaya ga mutanen da ba sa gabansu.

Asalin lambar

Hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, ISO, ce ta tattara lambobin a ƙa'idarta mai lamba 18245, wadda aka fara fitarwa a 2003. Kamfanonin kati irin su Visa da Mastercard suna aiki da su, kowanne da ɗan bambancinsa. Shagon kayan masarufi 5411 ne, gidan mai 5541, kantin magani 5912, shagon yadi da kayan ɗinki 5949, cirar kuɗi a ATM 6011, caca kuma 7995.

Ɗan kasuwa ba shi ke zaɓar lambarsa ba. Bankin ko kamfanin da ya ba shi na'ura, ko ya buɗe masa hanyar karɓar kuɗi a intanet, shi ke sanya ta ranar rajista, bisa bayanin da aka cika a fom. Ƙa'ida ita ce a ba shi lambar da ta fi dacewa da babbar sana'arsa.

Daga kundin hajoji zuwa WhatsApp

Ciniki daga nesa ya girmi katin banki. A 1861 Pryce Pryce-Jones ya fara aika tufafin ulu ta gidan waya daga garin Newtown na yankin Wales a Birtaniya. A 1872 Aaron Montgomery Ward ya fitar da jerin hajojinsa a Chicago, inda manoman Amurka da ke nesa da birni ke zaɓar kaya a takarda, su aika kuɗi, a aiko musu. Kamfanin Sears ya biyo baya da babban kundinsa, wanda ya ci gaba da fitowa har 1993.

Da katin banki ya yaɗu, sai aka ware wa wannan nau'in kasuwanci lambobinsa. Mai sayarwa ta kundin hajoji kaɗai, ba tare da shago ba, lambarsa 5964. Wanda ya haɗa kundi da shago, 5965. Mai kiran mutane a waya yana tallata musu kaya, 5966. Mai cirar kuɗi duk wata ko duk shekara daga masu rajista da shi, 5968. Sauran masu talla kai tsaye kuma, 5969.

A gabashin Sakkwato kundin takarda bai zama hanyar ciniki ba, amma wayar hannu ta ɗauki matsayinsa. Wurno da Goronyo suna kan fadamar kogin Rima, inda noman rani ke samar da shinkafa da albasa da tafarnuwa, musamman da ruwan madatsar Goronyo da aka kammala a 1984. Dillali yakan ɗauki hoton buhuna ya tura wa mai saye a Kano ko Ibadan, a daidaita farashi, a ɗora wa mota. Matan da ke sana'a a cikin gida a Raba ko Achida sukan jera hotunan atamfa da turaren wuta a WhatsApp ko Facebook. Matsalar tsaro a hanyoyin yankin, da hare-hare irin wanda aka kai kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, sun ƙara wa irin wannan ciniki muhimmanci, domin ba kowane baƙon ɗan kasuwa ke son zuwa da kansa ba.

Abin da ya sa bankuna ke ɗari-ɗari

A shago mai kati yana tsaye, ya danna lambar sirrinsa, ya karɓi kayansa. A ciniki daga nesa kuwa babu kati a gaban mai sayarwa, kuma kuɗi na riga kaya isa. Ana iya biya da katin sata, kaya na iya ɓacewa ko lalacewa a hanya, mai saye na iya cewa abin da ya iso ba shi ya gani a hoto ba.

A irin wannan hali dokokin kamfanonin kati sun ba mai katin damar kai ƙorafi bankinsa, galibi cikin kwana 120, a janye kuɗin daga asusun mai sayarwa. Idan asusun ya zama babu komai, bankin da ya yi masa rajista ne zai biya. Shi ya sa bankuna ke yi wa masu lambobin 5964 zuwa 5969 ƙarin bincike. A ƙasashe da dama sukan riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na cinikin irin waɗannan 'yan kasuwa na kimanin wata shida a matsayin jingina. Mastercard na sanya ɗan kasuwa cikin jerin masu yawan ƙorafi idan a wata guda aka janye masa ciniki 100 kuma adadin ya kai kashi 1.5 cikin 100 na cinikinsa, daga nan tara ta biyo baya.

Bankin mai kati ma yana amfani da lambar. Da ita yake iya toshe biyan kuɗin caca ko na giya, da ita kuma na'urorinsa ke auna ko ciniki ya saba wa al'adar mai katin. Wannan na cikin dalilan da kati mai kuɗi a ciki yake iya aiki a shago, ya ƙi aiki a wani shafin intanet.

Batun caji a Najeriya

A Amurka kason da bankin mai kati ke ɗauka yana sauyawa daga rukuni zuwa rukuni. A Najeriya babban bambancin ya fi fitowa daga hanyar da aka bi wajen biya. A Satumban 2019 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya rage cajin da ake cire wa ɗan kasuwa a POS daga kashi 0.75 zuwa kashi 0.5 cikin 100, kuma kada ya wuce Naira 1,000. A intanet kuwa, farashin da kamfanin Paystack ya daɗe yana wallafawa shi ne kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin Naira 100, iyakarsa Naira 2,000.

Bisa wannan lissafi, kayan Naira 50,000 za su ci cajin Naira 250 a POS, a intanet kuma Naira 850. Ga dillalin da ribarsa a buhu ba ta da yawa, wannan rata ba ƙarama ba ce.

Hanyoyin da ake kaucewa da illolinsu

Yawancin masu ciniki daga nesa a waɗannan ƙananan hukumomi ba sa karɓar kati kai tsaye. Taransifa ake yi musu, musamman tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023. Taransifa ba ta ɗauke da lambar rukuni, kuma ba ta da tsarin janye kuɗi irin na kati. Wannan ya sauƙaƙa wa mai sayarwa, amma ya bar mai saye da amana kaɗai, don haka wanda bai san dillali ba yakan ji tsoron tura kuɗi mai yawa.

Wasu kuma sukan ba da lambar asusun mai POS na unguwa, ko su karɓi kuɗin ciniki ta na'urar wani. Dokokin kamfanonin kati sun hana a bi da cinikin wani ɗan kasuwa ta na'urar da aka yi wa rajista da sunan wata sana'a. Idan aka gano, ana iya rufe na'urar ko a riƙe kuɗin har a gama bincike. Akwai kuma asarar da ba a gani nan take: tarihin cinikin yana taruwa ne a sunan mai na'urar. Ranar da dillalin tafarnuwa zai nemi jari daga banki, ba shi da shaidar kuɗin da ya juya. Hukumomi ma sun ƙara matsa lamba, domin a 2024 Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ta umarci masu POS su yi rajista da ita.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya yi

Na farko, ya tambayi bankinsa ko wakilin kamfanin da ya ba shi na'ura wace lamba aka sanya masa. Idan ba ta dace da sana'arsa ba, yana da damar neman a gyara, tare da takardar rajista da hotunan shago ko rumbu. Mai shago da ke kuma aika kaya nesa ya bayyana duka biyun, domin ɓoye ɗaya ne ke jawo tuhuma daga baya.

Na biyu, ya riƙa adana shaidar kowane ciniki: hirar da aka yi, hoton kaya kafin a ɗora, rasit na tasha, lambar mota da saƙon mai saye cewa kaya sun iso. Da waɗannan ake kare kai idan ƙorafi ya taso.

Na uku, kada ya karɓi lambar kati ta waya ko ta saƙo. Hanya mafi aminci ita ce shafin biyan kuɗi da ke tura wa mai katin lambar tabbatarwa ta lokaci ɗaya, domin idan aka bi ta, nauyin zambar katin sata galibi yana komawa kan bankin mai katin.

Na huɗu, ya raba asusun kasuwanci da na gida, ya kuma sanar da banki idan ya sauya sana'a ko cinikinsa ya ƙaru sosai a lokacin girbin albasa da tafarnuwa, don kada hauhawar kuɗin ta sa a dakatar da asusun a tsakiyar kaka.