Incredulous

Incredulous kalmar Turanci ce da ake siffanta mutum da ita idan ya ji ko ya ga wani abu amma ya kasa gaskatawa, ko ya ƙi yarda cewa haka ne. Sunan wannan yanayi shi ne incredulity. Galibi akwai mamaki a cikinta, irin na wanda ya saki baki yana cewa "anya kuwa?", shi ya sa ake yawan haɗa ta da kallo, murya ko dariya.

Asali

Kalmar ta fito daga Latin incredulus: ɗafa-goshin in- na korewa ne, credulus kuma mai saurin yarda, daga aikatau credere, wato gaskatawa. Tushensu ɗaya da credit da creed. Incredulity ta shiga Turanci a ƙarni na 15, incredulous kuma a ƙarni na 16.

Bambancinta da incredible

A nan ne masu koyon Turanci, har da wasu 'yan asalin harshen, suke tuntuɓe. Incredible tana siffanta abin da ke da wuyar gaskatawa, kamar labari ko hujja. Incredulous kuwa tana siffanta mai sauraron da bai gaskata ba. Ke nan labari yana zama incredible, wanda aka ba labarin shi ne incredulous. Wanda ya musanya su a rubutu yana iya juya ma'anar jimla, ya mai da mai shakka ya zama abin shakka. Da can ba a tsaurara wannan iyaka ba. Shakespeare ya yi amfani da incredulous da ma'anar incredible a wasansa Twelfth Night. A yau yawancin editoci kuskure suke ɗaukar hakan.

Addini da mantiƙi

A tsohon amfani incredulity takan nufi rashin imani, amma yanzu unbelief ce ta fi ɗaukar wannan ma'ana. Alamar tsohuwar ma'anar ta rage a sunan The Incredulity of Saint Thomas, zanen Caravaggio na wajen 1602 da ke Potsdam a Jamus. Zanen yana nuna Toma, almajirin da Linjilar Yohanna ta ce ya ƙi yarda da tashin Yesu sai ya taɓa raunukansa.

A ilimin mantiƙi akwai kuskuren da ake kira argument from incredulity: mutum ya yanke cewa abu ƙarya ne don kawai ya kasa hasashen yadda zai yiwu.