Gurbi Talatin, Mayaƙa Ashirin da Huɗu: Tarihin Dara a Yammacin Zamfara

A shekarar 2020 wani ƙaramin kamfani a Amurka ya nemi jama'a su tara masa kuɗi ta shafin Kickstarter domin buga wasan tebur mai suna Frosthaven. Cikin wata guda aka tara kusan dala miliyan 13. Wasan ya biyo bayan Gloomhaven ne, wanda Isaac Childres ya fitar a 2017, akwati mai nauyin kusan kilo 10 cike da taswirori da katuna da 'yan mutum-mutumi. 'Yan wasa sukan zama jarumai masu kutsawa cikin kogunan dodanni, kuma a kowane zagaye mutum zai zaɓi kati biyu daga hannunsa, ya yi motsi ko ya kai sara da su. Katunan suna raguwa sannu a hankali, don haka jarumin da ya yi almubazzaranci tun farko sai ya gaji kafin ya kai ƙofar ƙarshe.

Wannan duniya ta yi nisa da Anka da Gummi da Bukkuyum. Amma abin da ke riƙe mutum a gaban wancan akwati, wato yaƙi da kaɗan a fili mai ƙunci, tsohon sani ne a yammacin Zamfara. Sunansa dara, kuma tarihinsa yana faɗin wani abu game da zaman lafiyar wannan yanki wanda littattafan sarauta da na yaƙi suka tsallake.

Yadda ake yaƙin

Filin dara, a tsarin da ya fi shahara, gurbi 30 ne: layi biyar, kowane layi gurbi shida, ana haƙa su a ƙasa. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, ɗaya ya ɗauki tsakuwa, ɗaya ya ɗauki guntayen kara ko tsinke, don a bambance rundunonin biyu. Wasan hawa biyu ne. A hawan farko ana zuba 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, bi da bi, ba tare da an jera uku ba. A hawa na biyu ana tura ɗa zuwa gurbin da ke maƙwabtaka, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku a layi ɗaya ya ci, sai ya cire ɗa guda daga rundunar abokin karawa. Jeri huɗu ba ya ci. Wanda 'ya'yansa suka ragu zuwa biyu ya faɗi, domin ba zai ƙara jera uku ba.

Ɗan lissafi kaɗan ya isa ya nuna zurfin abin. Idan aka zuba 'ya'ya 24 a gurbi 30, gurbi shida kacal ke saura. Ke nan a farkon hawa na biyu fili ya fi mayaƙa tsada, kuma gwani yakan ci wasan tun lokacin zubi, ta hanyar ajiye 'ya'yansa kusa da guraben da za su rage babu kowa. Babban burin kowa shi ne kafa doki: 'ya'ya biyu a wannan layi, biyu a layin da ke kusa, da ɗa na biyar mai kai da komo tsakaninsu yana cika uku a kowane taku. Wanda aka kafa wa doki bai toshe shi ba, kallon rundunarsa zai yi tana ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Babu ƙuri'a a cikin wasan, babu ɓoyayyen kati. Kowa na ganin abin da kowa ke gani, saboda haka wanda aka kayar ba shi da wanda zai ɗora wa laifi.

Maƙwabtan kudu da 'yan uwan nesa

Turawan da suka rubuta tarihin wasanni sun san dara ta ƙofar da ke dab da wannan yanki. R. C. Bell, a littafinsa Board and Table Games from Many Civilizations na 1960, ya gabatar da ita a matsayin wasan Dakarkari, wato Lelna na ƙasar Zuru a jihar Kebbi ta yau. Ƙaramar hukumar Danko-Wasagu ta masarautar Zuru tana iyaka da yammacin Zamfara, kuma sunan Danko yana nan a ɓangarorin biyu, domin sarautar Bukkuyum ita ce Sarkin Danko, kamar yadda ta Gummi take Sarkin Mafara, ta Anka kuma Sarkin Zamfara. Mutanen da suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya, suna shayar da dabbobi tsakanin Gulbin Zamfara da Gulbin Ka, ba abin mamaki ba ne a same su da wasa ɗaya. Sai dai tun da Bell ya liƙa wa wasan sunan ƙabila guda, haka littattafan Turai suka ci gaba da maimaitawa, alhali Hausawa daga Sakkwato har Damagaram suna yin ta.

Dara tana da dangi a faɗin Sahel. Zabarmawan Nijar suna kiran tasu dili, Sonagai na Mali suna da wali, Larabawan Baggara na Sudan kuma suna da dala a fili mai gurbi 36. Charles Béart ya tattara da yawa daga irin waɗannan wasanni a littafinsa mai juzu'i biyu da aka buga a Dakar a 1955. Duk wanda ya jera wuraren nan a taswira zai ga sun bi zirin da fatake da makiyaya da alhazan ƙafa suka bi ɗaruruwan shekaru. Wasan da kayansa ƙasa ce da tsakuwa da kara ba ya buƙatar jaki ya ɗauke shi. A kai ake tafiya da shi, a sauke shi a kowane zango.

Wannan sauƙi shi ne kuma rauninsa a wajen tarihi. Wasan shaɗaranji, wanda ya taso daga Indiya wajen ƙarni na 6 ya bi ta Farisa zuwa ƙasashen Musulmi, ya iso fadar Borno da sunan tsatsarandi, har C. K. Meek ya rubuta a kansa a 1934. Wasan fada ne mai sassaƙaƙƙun 'ya'ya da ake ajiyewa. Ita kuwa dara, iskar hunturu ɗaya ta isa ta shafe filinta.

Tsakanin fada da malamai

Ƙasar da dara ta zauna a cikinta ta sha juyi. Wajen 1762 Gobirawa ƙarƙashin Sarki Babari suka ci Birnin Zamfara, suka kafa Alƙalawa a ƙasar Zamfarawa. Sarakunan Zamfara suka yi ta sauya mazauni, daga Kiyawa zuwa Sabon Gari, kafin su tabbata a Anka a farkon ƙarni na 19. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a Zamfara kafin jihadi, kuma a 1805 jama'arsa ta yi zango a Sabon Gari kafin ta wuce Gwandu.

Littattafan da suka shigo tare da wannan karatu suna da matsayi a kan wasannin tebur. Imamu Malik ya ƙi wasan nardi da shaɗaranji, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiran ilimi a ƙasar Hausa ke karantawa har yau, ta hana su, ko da yake ta halatta a yi wa masu yin su sallama. Dalilan da malamai suka saba kawowa biyu ne: shagala daga salla, da kusanci da caca. Dara ba ta da ƙuri'a, amma tana cin lokaci, don haka ta rayu a wani matsayi na tsaka-tsaki: ba ta shiga zauren malam ba, ba a kuma kore ta daga gindin bishiya ba. Ta shiga harshe ta zauna. Idan makircin mutum ya dawo kan nasa, har gobe cewa ake dara ta ci gida.

Lokacinta kuwa rani ne. Bayan an kai amfanin gona rumbu, watannin da babu noma su ne na dambe da kokawa da farauta da cin rani, su ne kuma na dara ga manyan da suka wuce shekarun kokawa. Wasan yana buƙatar abu uku da ba a saye a kasuwa: lokacin da babu aiki, inuwar da ba ta da mai ita, da kwanciyar hankalin da zai bar mutum ya sunkuyar da kai sa'a guda bai waiwaya ba.

Baƙin da suka zo cikin kwali

Zamanin Turawa ya kawo kishiyoyi. Karta, wadda ta shiga Turai daga Masar ta zamanin Mamluk a ƙarshen ƙarni na 14, ta zo da abin da dara ba ta da shi, wato ɓoyo da sa'a, kuma a nan caca ta sami gurbi. Lido, wanda aka yi wa rajista a Ingila daga wani tsohon wasan Indiya, ya shiga har cikin gidaje wajen mata da yara. Whot, wanda William Henry Storey ya ƙirƙira a Ingila a 1935, ya kusa ɓacewa a ƙasarsa amma ya zama wasan ƙasa a Najeriya. Dukkansu saye ake yi, dukkansu kuma sun zo da ƙa'ida ɗaya da aka buga a takarda.

Bayan kafa jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba 1996, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a Oktoban 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, caca kuma ta zama laifi a dokar jiha. Layin da doka ta ja shi ne na zuba kuɗi, wanda ya fi shafar karta. Abin da ya girgiza dara ta wata ƙofa ya shigo.

Zinariya da bindiga

Tashin farashin zinariya ya mayar da rani lokacin haƙa da niƙan dutse. A 2010 duniya ta ji labarin gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya Bagega, inda yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje. Ƙasar da ake zama a kanta a haƙa gurbi ita ce ta zama guba, har sai da aka kankare samanta a tsakar gidaje da dandali aka kwashe.

Sai kuma bindiga. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a jihar. A Satumban 2021 aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka a Anka da Bukkuyum. Mazauna suka ce an kashe kusan mutum 200, gwamnatin jiha ta ce 58. Dubban mutane suka yi gudun hijira zuwa garin Anka da sauran manyan garuruwa. A gefen rayuka da dukiya, rasa wasa ƙaramin abu ne. Amma dara ba ta da littafi, ba ta da akwati. Tana wucewa ne daga dattijo zuwa yaron da ke tsugune a bayansa yana kallo, kuma ƙauyen da ya watse ya tafi da wannan makaranta.

Abin da ake iya riƙewa

Wasannin da ke tara miliyoyin daloli a yau su ma daga yaƙi suka fito. Rundunar Farusiya ta karɓi wasan taswira don horar da hafsoshi a 1824. Daga zuriyarsa Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974, suka sauya bataliya da jarumi guda, filin daga da kogon dodo. Magic: The Gathering ya mayar da faɗa cikin katuna a 1993. Bambancinsu da dara shi ne kowane mataki an rubuta shi, an buga, an yi masa sharhi, na baya ya gina kan na gaba.

Kayan ginin ba su yi wa Hausa ƙaranci ba. Ganɗoki na Bello Kagara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam sun fito tun 1934, Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya biyo baya, kuma kasuwar littattafan yaƙi da aljanu tana da masu karatu har yau. Zamfara kanta tana da labarin sarauniya 'Yargoje da tsohon garin malamai na 'Yandoto. A Abuja, kamfanin NIBCARD Games na Kenechukwu Ogbuagu yana ƙera wasannin tebur na gida, ya kuma lashe kyautar Diana Jones ta duniya a 2021.

Kafin a kai ga wannan, akwai aiki mafi sauƙi kuma mafi gaggawa, wanda sassan Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Tarayya ta Gusau za su iya ɗauka. Ƙa'idojin dara suna bambanta daga gari zuwa gari: yawan gurabe, ko an yarda a cire ɗa daga jerin ukun da ya riga ya tsaya, hukuncin wanda ya jera huɗu, sunayen tarkuna, da kirarin da ake yi wa wanda aka kayar bai ci ko ɗaya ba. Waɗannan suna cikin kawunan dattawan Anka da Gummi da Bukkuyum, da yawansu yanzu 'yan gudun hijira ne a garuruwan da ɗalibi zai iya isa. Wayar hannu mai ɗaukar hoto da yini guda a gindin bishiya sun isa a rubuta darar gari ɗaya, da Hausa, daga bakin masu ita.