Yadda Ƙwayoyin Tsokar Zuciya Ke Gane Taurin Muhallinsu: Nazari a Kan Rawar Talin

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi gwaje-gwajen da aka wallafa daga 2006 zuwa 2018 a kan yadda ƙwayar tsokar zuciya ke bambance muhalli mai laushi da mai tauri. Matsayarta ita ce, abin da ƙwayar ke ji shi ne tsawon lokacin da furotin talin ke ɗauka a miƙe cikin kowane bugu, kuma wannan ne ke sauyawa idan tabo ya mamaye zuciya.

1.0 Gabatarwa

Idan jijiyar da ke kai wa zuciya jini ta toshe, tsokar wurin kan mutu, jiki ya cike gurbin da kolajin. Tabon yana hana bangon zuciya fashewa, amma ya fi lafiyayyar tsoka tauri nesa ba kusa ba. Ana auna tauri da kilofaskal. Tsokar zuciyar baligi tana tsakanin 10 da 20, tabo kuwa yakan kai 35 zuwa 70. Hawan jini da ya daɗe shi ma yana tara kolajin, sai dai a warwatse cikin tsokar, kuma shi ne kan gaba wajen jawo gazawar zuciya a Afirka kudu da Sahara.

An daɗe ana ɗaukar taurin a matsayin sakamakon cuta kawai. Tambayar da ta fi damun mai wannan nazari ita ce ko shi kansa taurin yana ƙara wa cutar ƙarfi, ta hanyar sauya halin ƙwayoyin da suka tsira.

2.0 Shaidar farko

A 2006 Engler, Discher da abokan aikinsu a Jami'ar Pennsylvania suka nuna cewa taurin shimfiɗa kaɗai yana karkata ƙwayoyin asali su ɗauki kamannin na jijiyar ƙwaƙwalwa, ko na tsoka, ko na ƙashi. A 2008 suka ɗora ƙwayoyin zuciyar ɗan tayin salwa a kan jel mai tauri daban-daban. A kan mai laushi ƙwarai, ƙwayoyin suna bugawa amma ba aikin kirki. A kan mai taurin tabo, zarensu ya rasa tsari, bugun ya yi ta raguwa har ya tsaya. A tsakiya ne, kusa da taurin zuciya ta gaskiya, suka fi aiki. Majkut da abokanta sun tabbatar da haka a 2013 cikin zuciyar ɗan tayin kaza sukutum: da aka sassauta kolajin, da kuma da aka ƙara ɗaure shi, duka biyun sun rage ƙarfin bugu.

Waɗannan gwaje-gwaje sun nuna ƙwayar tana ji. Da me take ji, ba su kai ga nan ba.

3.0 Talin da miyosin biyu

Ƙwayar tsokar zuciya tana manne da muhallinta ta wasu maɗaurai da ke jere a jikin fatarta daidai da layukan sakomiya, wato ƙananan sassan zaren tsoka masu matsewa. Kostamiya ake kiran su, sunan da Pardo, Siliciano da Craig suka ba su a 1983. A nan furotin intigirin ke riƙe kolajin da laminin daga waje, talin kuma ya haɗa intigirin da zaren aktin daga ciki.

Jikin talin dunƙule-dunƙule ne guda 13, kamar igiyar da aka yi wa ƙulli a jere. A 2009 del Rio da abokan aikinsa a Jami'ar Columbia suka ja talin guda ɗaya, suka ga jan yana warware dunƙulen, ya fito da guraben da furotin binkulin ke kamawa. An auna daga baya cewa ƙarfin ja na kimanin fikoniyutan 5 ya isa ya buɗe mafi rauninsu. Ta haka ja ke zama saƙon sinadari.

To, ƙwayar zuciya tana da matsalar da ƙwayar fata ba ta da ita: ita kanta ba ta daina motsi. Ta yaya za ta tantance taurin waje alhali tana fizgar maɗauranta a kowane bugu? Pandey da abokan aikinta, a ɗakin binciken Thomas Iskratsch na Jami'ar Queen Mary da ke Landan, sun tunkari wannan a 2018. Sun shimfiɗa ƙwayoyin zuciyar jaririn ɓera a kan ƙananan ginshiƙai masu lanƙwasa, suka kuma yi amfani da talin mai ɗauke da ma'aunin haske. Sun gano ƙarfi biyu ne ke haɗuwa a maɗauri ɗaya: fizgar furotin miyosin na tsoka mai sauri, da jan wani miyosin da ba na tsoka ba, wanda ke tafiya a hankali. A taurin ɗan tayi talin bai miƙe ba. A taurin lafiyayyar zuciya yana miƙewa yana komawa tare da bugu. A taurin tabo kuwa ya zauna a miƙe, babu hutu.

Wannan sakamako na uku ne ya fi nauyi a ganin mai nazari. Talin da bai samu komawa ba yana barin gurabensa a buɗe, saƙon da ya kamata ya riƙa zuwa yana ɗaukewa ya zama kira marar yankewa. Binciken ya kuma nuna cewa kunna sinadarin PKC yana kumbura ƙwayar gwargwadon taurin shimfiɗa, ta hanyar wannan miyosin mai jan hankali-hankali, kuma an samu ƙaruwar PKC da miyosin ɗin a kostamiya cikin zuciya mai ciwo.

4.0 Iyakar hanyar gwaji

Dole a yi hattara wajen kai wannan ga majinyaci. Jel shimfiɗa ce da ƙwaya ke taɓawa ta fuska ɗaya, alhali a cikin zuciya kolajin ya kewaye ta, maƙwabtanta kuma suna jan ta daga baki biyu. Taurin jel tsayayye ne. Na zuciya yana hawa da sauka tsakanin matsewa da sakewa. Zuciyar ɓera tana bugawa sau 300 zuwa 400 a minti, ta mutum 60 zuwa 100, don haka hutun da talin ke samu tsakanin bugu ba ɗaya ba ne a jinsunan biyu. Gwajin da ya dace a yi yanzu shi ne a sa ma'aunin talin cikin ƙwayoyin zuciyar mutum da aka samar daga ƙwayoyin asali, a kan shimfiɗar da za a iya ƙara mata tauri ƙwayar tana kai, sannan a sassauta a ga ko talin zai koma yadda yake.